Ƙuri'ar da Bai Kamata Desmond Ya Kaɗa Ba

A shekarar da aka yi ta kai ruwa rana kan yarjejeniyar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, babu wanda ya kai 'yan majalisarmu shan zagi, kuma in za a faɗi gaskiya, da yawansu sun ci a zage su. Jama'a sun riga sun ce a fita, yadda za a fita ɗin ne ya gagara. Gwamnati ta haye teku ta yi cinikinta, ta dawo da takarda mai kauri. Wasu suka ce an sayar da ƙasa. Wasu suka ce ai ba a ma fita ba, tsayawa aka yi a bakin ƙofa da ƙafa ɗaya a waje. Wasu kuma suka ce a koma a sake tambayar jama'a, ko sun huce. Har ta kai a gidaje da yawa miji da mata sun daina kallon labarai tare.

Desmond Ackroyd ɗan ɓangaren gwamnati ne, wakilin wani gari a Yorkshire da masaƙunsa suka mutu tun yana saurayi. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, mai son a so shi fiye da kima. Bai taɓa zama minista ba, bai kuma sa rai ba. Abu guda yake tinƙaho da shi, wai in Ackroyd ya ce e, to an gama magana. Ya faɗi hakan a wuraren taro har shi kansa ya yarda.

Amininsa a majalisar kuwa ɗan hamayya ne, Ivor Treharne, wakilin wani kwari a Wales inda a da ake haƙar kwal. Shekara guda suka shiga majalisa, aka ba su ofisoshi masu kallon juna a wani lungu da ko ɓeraye sun raina, da butar shayi guda a tsakaninsu. A zauren majalisa sai su yi ta yi wa juna ihu kamar za su dambace, in an tashi kuma su dawo su yi faɗa kan wanda ya shanye madara. Matar Ivor, Glenys, ita ta riƙe wa matar Desmond hannu a asibiti ranar da aka haifi autansu.

Wata Litinin da hantsi Ivor ya leƙo ofishin Desmond da kwat ɗinsa a jiki da jaka a hannu.

"Ɗan jari-hujja, kana ciki?"

"Shigo, ɗan gurguzu. In satar shayi ta kawo ka, ka makara, na ɓoye sukarin."

Ivor bai yi dariya ba. Ya zauna a gefen kujera, bai ko ajiye jakar ba.

"Likitoci sun sallami Glenys."

"Kai, madalla! Ashe sauƙi ya..."

"Ba irin wannan sallamar ba, Des. Cewa suka yi in kai ta gida, ta fi son ta ga lambunta."

Desmond ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tashi ya kunna butar, don dai hannunsa ya sami abin yi.

"Jibi ne ƙuri'a kan yarjejeniyar," in ji Ivor. "Ba zan iya barin ta ba. Za ka haɗu da ni?"

Tsohuwar al'ada ce a majalisar. Ƙuri'a a can da ƙafa ake yin ta: in an buga ƙararrawa, masu goyon baya su bi ta wani zaure, masu adawa su bi ta wani, a ƙirga su a bakin ƙofa kamar tumaki. Wanda bai zo ba, ba shi da ƙuri'a. To in rashin lafiya ko rasuwa ta hana mutum zuwa, sai ya nemi wani daga ɗaya ɓangaren ya yi masa alkawarin shi ma ba zai shiga zaure ba, ɗaya ta tafi da ɗaya, babu wanda ya ci riba da masifar wani. Babu dokar da ta tilasta, babu kotun da za a kai ƙara. Magana ce kawai tsakanin mutum biyu.

"Haba, Ivor, har sai ka tambaya?" Desmond ya miƙa masa hannu. "Tafi wajen matarka. Ni dama na gaji da tafiya a zauren nan, gwiwata ta huta."

"Mutanen garinka za su ci ka ɗanye."

"Su ci, akwai nama. Ka gaishe ta, ka ce mata ina nan tafe."

Ranar ya sanar da Misis Hallam, bulaliyar jam'iyyarsu, wadda aikinta shi ne ta tabbata kowa ya bi zauren da aka ce ya bi. Ta gyaɗa kai ta ce ta ji.

Ranar ƙuri'a majalisa ta cika har wasu na zaune a kan matakala. Tun da rana ake musu. Wani dattijo daga ɓangaren gwamnatin kanta ya tashi ya ce wannan ba yarjejeniya ba ce, takardar miƙa wuya ce, kakanninsu ba su yi yaƙi don a mai da su 'yan haya a gidansu ba. Wata daga hamayya ta ce mai girma wakili ya je ya faɗa wa ma'aikatan da za a rufe wa masana'anta labarin kakanninsa, ya ga ko za su dafa shi su ci. Aka ɗau ihu, ana kaɗa takardu, shugaban zama yana ta neman a yi tsit har muryarsa ta dushe. Desmond na zaune a bencin baya da hannuwa a kan ciki, yana jin daɗin cewa yau dai ba ruwansa.

Da yamma ya fita shan iska, sai ga Misis Hallam a gefensa, kamar daga ƙasa ta tsiro. Ƙaramar mace ce mai sanyin murya, ba a taɓa jin ta ɗaga harshe ba, shi ya sa ake tsoronta.

"Desmond, yau kana tare da mu."

"Ai ina haɗe da Treharne. Na faɗa miki."

"Ka faɗa mini ranar Litinin. Yau Laraba. Lissafi ya ƙi, namu na ta zamewa, ko gurgu ina bukata."

"Matarsa fa na kan gadon mutuwa."

"Allah ya ba ta sauƙi. Ƙuri'arka ba za ta ƙara mata ciwo ba." Ta ɗan gyara masa wuyan kwat kamar uwa. "Shugaban jam'iyya na mazaɓarka ya dame ni da waya, wai yana son ya san ko har yanzu kana tare da mutanen da suka zaɓe ka. Gobe sunaye za su fito. In babu naka, kana jin akwai wanda zai tsaya sauraron labarin wata mata a Wales? Cewa za su yi Ackroyd ya ɓuya a banɗaki."

"To in an tambaye ni fa?"

"Ka ce ka sha'afa. Mutum mai shekarunka, wa zai yi maka musu?"

Ta tafi ta bar shi. Gaskiyar magana, tsoro ne ya kama Desmond. Garinsa sun zaɓi ficewa da gagarumin rinjaye, kuma tun da aka fara jan ƙafa suke ganin kowane ɗan majalisa maci amana ne. An taɓa rubuta masa hakan da jan fenti a ƙofar ofishinsa na gida, ya sa aka goge kafin gari ya waye. A kasuwa, mutanen da suka saba tsayawa su yi masa ba'a kan ƙibarsa sun koma kau da kai. Wannan kau da kan ya fi fentin yi masa ciwo.

Da aka buga ƙararrawa, ya ce wa kansa zai dai miƙe ne ya ba mutane hanya. Da ya miƙe, ya ce bari ya taka zuwa bakin ƙofa ya ga yadda abin ke tafiya. Babu wanda ya ja shi, babu wanda ya tura shi. Ya kamata a faɗi wannan, domin daga baya ya so ya riƙa tuna abin kamar cunkoso ne ya kwashe shi. Da ƙafarsa ya shiga zauren masu goyon baya, aka rufe ƙofa a bayansa, ya faɗa wa akawu sunansa da bakinsa.

A ƙofar fita ana tsayar da masu ƙirga biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, don kada a yi maguɗi. Ta hamayyar ranar wata matashiya ce daga Wales, maƙwabciyar mazaɓar Ivor. Da ta gan shi sai ta yi sak. Ta dai faɗi lambarsa da ƙarfi fiye da ta kowa, idonta a cikin nasa, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya wuce, kunnuwansa na zafi.

Aka karanta sakamako. Gwamnati ta sha mugun kaye, irin kayen da ko Desmond ya zagaya ya shiga zauren sau hamsin ba zai hana ba. Ya zauna a bencinsa ana ta sowa a ɗaya gefen. Da an ci da ƙuri'a guda, da ya sami abin da zai riƙa faɗa wa kansa. Yanzu kuwa ya zubar da maganarsa ne a banza.

Kafin ya kai bakin titi wani ɗan jarida ya tare shi da makirufo.

"Ranka ya daɗe, an ce kana haɗe da Ivor Treharne, amma ka yi ƙuri'a."

"Sha'afa na yi," in ji Desmond. "Kuskure ne, tsakani da Allah. Hayaniya ta yi yawa."

Ya ji muryarsa na fita sumul, har da ɗan murmushi, ya tsani kansa. Bai kai masauki ba matarsa Maureen ta kira shi daga gida.

"Na gan ka a talabijin."

"Maureen, ki bari in yi miki bayani."

"Kunnuwanka sun yi ja, irin na ranar da ka ce wa babana ba ka taɓa shan giya ba. Ka kira shi?"

"Zan kira."

"Ba za ka kira ba. Na san wanda na aura." Ta kashe wayar.

Ita ce da gaskiya. Ya yi ta ɗauko sunan Ivor a waya yana kallo yana mayarwa aljihu. Ivor ma bai kira ba, ko zagi bai aiko ba. Ofishinsa na rufe, Desmond ya koma bi ta wata matakala don kada ya wuce ta ƙofar. Shayi ma ya daina dafawa a lungun.

Washegari jagororin hamayya suka ce tun da abin ya zama haka, an daina haɗa kowa da kowa. Duk mai numfashi ya zo da ƙafarsa. Gwamnati kuma ta ɗan shafa wa yarjejeniyarta hoda ta ce za ta sake kawo ta mako mai zuwa, kuma wannan karon kowa ya ce abin zai yi kusa sosai.

Abin da aka gani ranar ƙuri'a ta biyun ba shi da kyan gani. An turo wani dattijo a keken marasa lafiya da roba a cinyarsa saboda amai. An shigo da wata mai tsohon ciki tana dafe da bango. Masu gadin ƙofa, waɗanda suka ga abubuwa iri-iri a gidan, sai kau da kai suke yi. Duk inda Desmond ya bi sai ya ji hira ta ɗauke. Babu wanda ya zage shi, har gaishe shi ake yi, mu dama haka muke hukunta mutum.

A lungun ofisoshinsu ya yi kiciɓis da Ivor. Ya rame, gemu ya tsiro masa fari, rigarsa duk ta yamutse da zaman jirgin ƙasa. Waya na kunnensa. Desmond ya juya zai gudu, ƙato da shi, sai Ivor ya ɗaga masa hannu.

"Ga shi nan ma," ya ce a wayar. Sannan ya rufe ta da tafin hannu, ya rage murya. "Glenys ce. Mun ɗauke mata talabijin da rediyo, ba ta san komai ba. Na ce mata manya ne suka soke haɗin baki ɗaya, kai kuma ka yi ta faɗa da su saboda ni har ka kusa rasa kujerarka. Tana so ta yi maka godiya."

"Ivor, don Allah..."

"Karɓi. Ba ta da ƙarfin jira."

Ya karɓa da hannu biyu. Muryar ta zo siririya, tana tsayawa tana jan numfashi.

"Des? Kai ne, ƙaton banza?"

"Ni ne, Glenys."

"An ce ka yi rigima saboda mu. Ka ga, dama na sha faɗa wa Ivor, duk jam'iyyarku kai kaɗai ne mutum." Ta yi 'yar dariya da ta koma tari. "Kada ka damu da ba ka yi nasara ba. Ka yi iya yinka."

"Ban yi komai ba, Glenys."

"Kullum haka kake cewa. Ni na ce ya tafi, kada ka ga laifinsa. In abin nan ya wuce da ƙuri'a guda aka rufe masana'antar garinmu, da wane ido zai kalli mutane? Amma da an gama ka sa shi a jirgi, ka ji? Kada ka bar shi ya tsaya surutu. Na gaji, Des."

"Zan sa shi. Na yi miki al..." Ya fasa ƙarasa kalmar alkawarin. "Zan sa shi."

Ya miƙa wa Ivor wayar. Ivor ya yi mata sallama a hankali da harshensu na Wales, ya sa wayar a aljihu.

"Tafi yanzu," in ji Desmond. "Akwai jirgin da zai tashi kafin a buga ƙararrawa. Ba zan shiga zaure ba, na rantse da Allah. Ka ɗaure ni a kujera in ka ga dama. Ka tafi."

Ivor ya dube shi. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai, kuma Desmond ya gwammace a ce fushin ne.

"Ka san abin haushin? Na yarda da kai. Yau kam ba za ka shiga ba." Ya shafa gemunsa. "To sai in je in ce wa jagororinmu me? In ce su kwantar da hankalinsu, Ackroyd ya ba ni maganarsa?"

Ya wuce zuwa zauren majalisa, ya bar Desmond a lungun.

Muhawara ta ja, kamar yadda ta saba, kowa na son a ji muryarsa a gida. Da aka buga ƙararrawa Desmond ya zauna daram a bencinsa. Misis Hallam ta zo ta tsaya a kansa, ya ƙi ɗaga ido, ta gaji ta tafi. Zauren majalisar ya watse ya bar shi shi kaɗai a tsakiyar kujeru, yana cika alkawarin da babu mai bukatarsa yanzu. Ta ƙofa ya hango Ivor a layin masu adawa, yana duba agogo yana matsawa da kaɗan-kaɗan a bayan keken dattijon nan. Aka sake kayar da yarjejeniyar. Desmond ya fita da gudu ya tare masa tasi, ya riƙe masa ƙofa. Ivor ya shiga, tasin ta nufi tashar jirgin ƙasa.

Jirgin na tsakiyar hanya Glenys ta cika. 'Yarsu Carys ce ke riƙe da hannunta.

Bayan kwana biyu wayar Desmond ta yi ƙara, ya ga sunan Ivor. Ya tashi tsaye kafin ya ɗauka, shi kaɗai a ɗaki.

"Ranar Asabar za a yi jana'iza," in ji Ivor. "Ta faɗa wa Carys waɗanda take so su ɗauki akwatinta. Ƙannenta, da surukinmu, da kai."

"Ba zan iya ba, Ivor. Kowa a garinku ya san abin da na yi."

"Kowa ya sani."

"Ka ce musu ba ni da lafiya. Ka sa wani."

"Na yi ƙarya guda saboda kai, ba zan ƙara ba. Ita ta ce kai, kai ɗin ne kuwa. Ka zo da baƙin kwat, kuma kada ka ce za ka nemi gafarar kowa a wurin. Ba ranarka ba ce."

Maureen ce ta tuƙa su zuwa Wales. Cocin ƙarami ne, a gefen tudu, ya cika har waje da tsofaffin mahaƙa kwal da matansu da ma'aikatan masana'anta. Da Desmond ya fito daga mota aka buɗe masa hanya, hanya mai faɗi fiye da yadda jikinsa ke bukata. Carys ta zo da jajayen idanu ta nuna masa wurinsa, gaba ta hannun dama, inda kowa zai gan shi. Ba ta gaishe shi ba.

Mai kula da jana'izar ya ce a ɗaga. Ƙanen Glenys da ke ɗaya gefen ya miƙo hannu ta ƙarƙashin akwatin ya dafa kafaɗar Desmond, don haka ake yi in ana so akwati ya zauna daidai, amma fuskarsa na kallon gaba. Akwatin ba shi da nauyi ko kaɗan, ciwon ya riga ya cinye ta. Jama'a suka ɗauki waƙar coci da harshensu, muryoyin maza na tashi har katakon akwatin na rawa a kumatunsa. Desmond ya fara takawa a hankali ta tsakiyarsu, hawaye na zuba, ba shi da hannun sharewa. Duk wanda ya wuce ya san abin da ya aikata, har yaran da ke tsaye a kan benci. Wadda ba ta sani ba ita ce a kafaɗarsa, kuma haka ya kai ta har bakin kabari.